Abdu Mumuni, malamin da ya auna zafin rana

Yara, kowa a cikinku ya san zafin rana a watan bazara. Idan ka taka rairayi da tsakar rana ba takalmi, sai ka yi tsalle. Amma in aka tambaye ku yawan zafin nan, me za ku ce? Wani zai ce da yawa, wani ya ce ba dama. Wannan ba awo ba ne. Yau za mu karanta tarihin wani ɗan Nijar wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana auna zafin rana, yana neman hanyar sa shi aiki. Sunansa Abdu Mumuni Joffo.

An haife shi a Tasawa, a jihar Maraɗi, ran 26 ga watan Yuni 1929. Lokacin nan Nasara ke mulkin ƙasar, makarantun boko kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ya yi makarantar firamare a Damagaram, sannan ya wuce Yamai. A 1944 aka aika shi ƙasar Senegal, makarantar Wiliyam Ponti, inda ake horon malamai da ma'aikata na Afirka ta Yamma. Daga nan ya tafi Pari, babban birnin Faransa, ya karanta kimiyyar fizik da ta shimi. Fizik tana binciken zafi da haske da motsi. Shimi kuwa tana binciken abin da ke cikin abubuwa, da yadda suke sākewa in an haɗa su ko an dafa su.

A 1956 ya ci wata jarrabawa mai wuya da ake kira agiregasiyo, wadda ke ba mutum izinin koyarwa a manyan makarantu. Shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci ta a wannan fanni. Da ya so, da ya yi zamansa a Turai. Amma sai ya komo Afirka, ya koyar a Dakar. A 1958 mutanen Gini suka zaɓi ƴancin kai, Faransa ta janye ma'aikatanta. Abdu Mumuni yana cikin waɗanda suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna ba malami.

Daga 1962 zuwa 1964 ya yi zama a Tarayyar Sobiyet, yana ƙara sani kan ƙarfin rana. Bayan haka ya sauka Bamako, ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya samu babban digiri na dakta a Pari. A 1969 ya dawo gida, aka ba shi shugabancin ofishin ƙasa mai kula da ƙarfin rana, wanda ake kira ONERSOL, a Yamai. Ya riƙe shi har 1985.

Me ya sa ya zaɓi rana? Ku dubi gidajenmu na Tsauni. Kowace safiya sai an hura wuta, kowace wuta kuma icce take ci. In aka yi ta sara ba a dasawa, iska ta kwashe ƙasar gona, rairayi ya rufe shuka. Farin 1973 da 1974 ya nuna wa kowa haka: dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, mutane suka yi ƙaura. Man fetur kuwa a lokacin daga waje ake sayo shi da tsada. Amma rana tana fitowa kullum, ba a biyan ko dala. Shi da abokan aikinsa suka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urar tace ruwa, da ta busar da kayan abinci.

Ga yadda murhun rana yake. Ana yin babban madubi mai zurfi kamar ƙwarya. Hasken da ya faɗa cikinsa duka yana komawa ya taru wuri guda, a nan ake ɗora tukunya. Binciken da Abdu Mumuni ya yi don digirinsa na dakta ya shafi irin wannan madubi, da yadda zafi ke rarrabuwa a wurin da hasken ya taru. In zurfin madubin ya karkace ko da kaɗan, hasken ya watse, tukunya ba za ta tafasa ba. Shi ya sa aikin nan ba ya yiwuwa da ƙiyasin ido.

Mai kimiyya yana da hanyar da yake bi. Da farko ya lura da abu. Sannan ya yi tambaya. Sai ya kawo zato, ya gwada shi, ya auna, ya rubuta abin da ya samu da rana da sa'a. Ba ya tsayawa a gwaji ɗaya, sai ya maimaita. In awo ya ƙaryata zatonsa, zaton yake yarwa, ba ya taɓa lambar da ya samu. Kuma a kowane gwaji abu ɗaya tak yake sākewa. In ya sāke tukunya da yawan ruwa a lokaci guda, ba zai san wanne ya kawo bambanci ba.

Awo kuma sai da ma'auni wanda kowa ya yarda da shi. A kasuwar Matamai ana auna hatsi da tiya, ana auna yadi da kamu. Amma tiyar wannan ta fi ta wancan, kamun dogo ya fi na gajere. Masu kimiyya na duniya duka suna aiki da mitir, da kilo, da sakan. Mitir 1 santimitir 100 ne. Kilo 1 garam 1 000 ne. Litir 1 mililitir 1 000 ne, kuma litir 1 na ruwa nauyinsa kilo 1 ne. Ku yi hankali da awon fili: murabba'in mitir 1 ba murabba'in santimitir 100 ba ne, 10 000 ne, don 100 sau 100 ake yi. Wanda ya manta da wannan, lissafinsa ya kuskure har ninki ɗari.

To, bari mu yi irin lissafin da ake yi kafin a ƙera murhun rana. Zafin da ke ƙara wa litir 1 na ruwa digiri 1 shi ake kira kilokalori 1, wato wajen jul 4 200. Muna da ruwa litir 10, zafinsa digiri 30, muna so ya kai digiri 100. Saura digiri 70. Litir 10 sau 70, kilokalori 700 ke nan. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, murabba'in mitir 1 yana samun wajen wat 1 000, wato kusan kilokalori 860 a awa ɗaya. Da ba abin da ke ɓacewa, ruwan zai tafasa cikin minti 50. Amma iska tana ɗaukar wani zafin, ƙura tana tare wani. In rabi ya tsere, sai an jira wajen awa 1 da minti 40. Aikin mai bincike shi ne ya auna abin da ke tserewa, ya nemi dabarar rage shi.

Abdu Mumuni bai tsaya ga na'urori kaɗai ba. A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa yaro ya fi gane karatu da harshen da ya sha a nono. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai. Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Yau in kun ga allon sola a kan famfon ruwa ko a kan rufin asibiti, ku tuna ɗan Tasawa ya hango amfanin rana tun ana ganin abin kamar wasa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Abdu Mumuni? Shekararsa nawa a duniya?
2. Don me ya tafi Konakiri a 1958?
3. Kilokalori nawa ake bukata don litir 5 na ruwa ya tashi daga digiri 25 zuwa digiri 65?
4. Garam 2 500 kilo nawa ne?

Aiki

Ku samo gwangwani biyu iri ɗaya. Ku shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ku bar ɗayan fari. Ku zuba rabin litir na ruwa a kowanne, ku ajiye su a rana wuri guda. Kowa ya rubuta zatonsa tukuna. Bayan kowane minti 15 ku auna zafin ruwan da ma'aunin zafi na malam, ku rubuta a littafinku. Gobe ku maimaita a daidai wannan sa'a, ku gwama lambobin kwana biyun.