Ladi Kwali: matar da ta kai randa gidajen baje kolin Landan

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ta Najeriya ya san hoton Janar Murtala Muhammed a gabanta. In ka juya bayanta kuwa, mace za ka gani tana aikin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, kuma ita ce macen da Babban Bankin Najeriya ya fara sa hotonta da sunanta a takardar kuɗi, a 2007. Mu da ke nan Yawunde da sefa muke ciniki, amma da wuya ka sami gida a Briqueterie da ba shi da ɗan'uwa a Kano ko Yola, don haka da yawanmu mun ga takardar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne hanyar da tukunyarta ta bi daga ƙauye har ta hau kan teburin nuni a Turai, da abin da ta samu da wanda ta rasa a hanyar. Shi nake so mu duba yau.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muka saba kira Gwari. A can ginin tukwane aikin mata ne, yarinya na tasowa tana ganin manya suna yi. Ladi a wajen gwaggonta ta koya. Ba ta shiga makarantar boko ba. Abin da ta iya shi ne ta ɗauki curin yumɓu ta lotsa tsakiyarsa da hannu, ta ja gefensa sama, ta riƙa murza wani yumɓun kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi ta yi ciki ta yi wuya. Sai ta kankare cikin da katantanwa ko sakaina. Kafin ta bushe sarai, sai ta ɗauki ɗan tsinke mai kaifi ta zana mata ƙadangare, kada, kunama, kifi, maciji ko tsuntsu, kowanne cikin gidansa da layuka suka raba. In ta bushe a tara ta da 'yan'uwanta a fili, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa da itace, a cinna wuta.

Tun kafin wani Bature ya san da ita, tukwanenta sun yi suna a yankin. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya sayi wasu ya ajiye a gidansa don kyansu. A lura, wannan Abuja ba babban birnin da muka sani yau ba ce. Tsohuwar Abuja ce, masarautar da zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa, wadda aka mayar da sunanta Suleja bayan an ba sabon birnin tarayya sunan. Shi Sarki Sulaimanu ya yi karatu a kwalejin horon malamai ta Katsina, ya kuma koyar kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Ni da na fito daga irin wannan kwaleji, wannan wuri yana daɗe mini a rai: malamin makaranta ne ya fara kallon randar wata 'yar ƙauye ya ga ta isa a ajiye a fada. Za a iya cewa zauren sarki shi ne ɗakin baje kolinta na farko.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, ya zagaya Najeriya ya ga inda za a kafa wurin koyar da ginin tukwane na zamani. A wannan yawon ne ya ga tukwanen Ladi a gidan sarki. Ya zaɓi Abuja, aka buɗe cibiyar a 1952, ɗalibanta duk maza. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan da ake juyawa, ta iya yin kwanuka da kofuna da butar shayi kamar kowa. Amma abin da ya fitar da ita shi ne ba ta saki ginin hannu na gwaggonta ba. Ta ci gaba da gina manyan tukwanen ruwa tana zagayawa da ƙafa, sai dai komai na bayan ginin ya sake.

A nan ne batun shirya kaya don baje koli ya shigo, kuma aiki ne mai matakai. Na farko, yumɓun kansa aka canza. Wanda ake toyawa a fili ba ya jure zafi mai tsanani, don haka aka haɗa wani da zai iya. Na biyu, bayan ta gama zane, sai a cike ramukan zanen da farar ƙasa a share saman, don ƙadangaren da kunamar su fito fili. Na uku, a shafe jikin tukunyar da ruwan ƙyalli wanda wuta ke narkarwa ya zama kamar gilashi, ana hango zanen ta cikinsa. Na huɗu, a jera a cikin tanderun bulo mai cin itace, a kai zafin sama da digiri 1,200, alhali wutar ciyawa ba ta kusantar haka. Babbar tukunya a irin wannan wuta tana iya tsagewa, ƙyallin yana iya zubewa ya ɓata zane, aikin makonni ya tafi a dare ɗaya. Cikin waɗanda suka fito lafiya ake zaɓen na tafiya. Kuma kowacce tana ɗauke da hatimi biyu: sunan Abuja da haruffan Larabci, da haruffa biyu na boko, LK, na sunanta.

Wannan hatimin ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne ya raba ta da dubban mata da suka gina tukwane kafin ta. Gidajen tarihin Turai cike suke da kayan Afirka da aka rubuta musu sunan ƙabila kawai, kamar ƙabila ce ke da hannu. Ita kuwa tukunyarta ta isa Landan da sunan mai ita.

Cardew ya shirya baje kolin kayan Abuja a wani gidan nuni da ake kira Berkeley Galleries a Landan, a 1958 da 1959 da 1962. Tukwanen Ladi su suka fi jan ido. A bikin samun 'yancin Najeriya a 1960 ma an nuna aikinta. To a irin wannan ɗaki, randa ba ta zama a lungu bisa yashi da murfi da moɗa kamar yadda muka san ta. Ana ɗora ta kan wani abu mai tsayi ita kaɗai, a bar mata fili don mutum ya zagaya ya ga zanen kowane gefe, a ajiye 'yar takarda mai suna da farashi. Ba mai ɗiban ruwa, taɓawa ma sai da izini.

Daga baya aka ga tukunyar kaɗai ba ta ishi masu kallo ba, suna son ganin hannun da ya yi ta. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, har da Farnham da kuma Wenford Bridge, inda Cardew ke da nasa wurin aiki. Ta yi haka a Faransa da Jamus. A 1972 suka zagaya Amurka ita da Cardew da Kofi Athey, maginin tukwane ɗan Ghana da suka yi aiki tare a Abuja. Abin da ɗaliban jami'o'i suka taru suna kallo shi ne mace ta gina tukunya mai faɗi, zagayayya daidai, ba faifai, ba ma'auni, da irin dabarar da ake yi a Kwali tun kaka da kakanni. Lambobin yabo suka biyo baya: ta MBE daga Ingila a 1963, digirin girmamawa na dakta daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, babbar lambar ƙwarewa ta ƙasa a 1980, sannan OON a 1981.

Yanzu ga abin da ya kamata a faɗa, wanda masu yabo kan tsallake. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Domin jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan ita ke ɗauke zafi. Darasin da muke koya wa yara ne a aji, kuma kowace kaka ta san shi ba tare da allo ba. To tukunyar da aka toya a zafin 1,200 aka shafe da ƙyalli, ƙofofin nan sun toshe. Ba ta sanyaya ruwa. Ta kuma yi nauyin da ba macen da za ta ɗora ta kan gammo ta nufi rafi, ko a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Farashinta ma ya fi ƙarfin mutanen da suka ƙirƙiro siffarta. Cibiyar da aka kafa da niyyar samar wa 'yan ƙasa kwanukan amfanin gida, yawancin masu sayen kayanta suka zama Turawa da masu hali. Wato randar ta sami daraja da tsawon rai, ta rasa aikin da aka san ta da shi.

Shin hasara ce? Ni a ganina ciniki ne, kuma ta san abin da take yi. Tukunyar gargajiya takan yi shekarunta ta fashe, a gina wata, sunan mai ginin ya tafi tare da ita. Na Ladi kuwa suna nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a Wales. Kuma ƙofar da ta buɗe ba ita kaɗai ta shiga ba. Mata irin su Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa sun biyo ta cibiyar, suna ginin hannu a wani ɗaki da ake kira Ɗakin Gwari. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da yau take cikin manyan maginan tukwane na duniya, ta je Abuja a shekarun 1970 ta koya a wurin su Ladi. Abin da ya rage mana mu tambaya shi ne me ya sa sai da kayan suka tsallaka teku sannan jami'a da gwamnati suka waiwayo. Shekara kusan ashirin ne tsakanin baje kolin Landan na farko da digirin Zariya.

Cardew ya bar Abuja a 1965, Ladi ta ci gaba da aiki da koyarwa a cibiyar, wadda daga baya aka sa mata sunanta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Cardew. Akwai titi mai sunanta a Abuja ta yau. A 2022 an sake baje tukwanenta a Landan, a gidan Two Temple Place, tare da aikin matan da suka biyo sawunta.

Me ya haɗa mu da wannan labari? Sunan unguwarmu kansa daga yumɓu da wuta ya fito, don Briqueterie da Faransanci na nufin wurin toya bulo, sunan wata masana'anta ce da ta zauna a nan zamanin Turawa. Yau ba a toya bulo, amma unguwar cike take da masu aikin hannu. Bi layin teloli ka ga mai aikin wuyan babbar riga ya sunkuya kan zane, ka ga masu hula, masu takalmi, masu ƙira. Daga ko'ina a Yawunde ake zuwa neman aikinsu. Amma in riga ta yi kyau, mai sanye da ita ake yaba wa, ba mai tambayar wane ne ya yi aikin. Kuma in yaro ya kasa jarrabawa, sai ka ji uba ya ce, to ai sai a kai shi wajen tela, kamar hukunci ake yanke masa. Nakan ji wannan magana daga bakin iyaye, kuma yaran suna jin ta. Na ga yarinyar da lissafi ke ba ta wuya amma in ta riƙe alli ta zana abin lalle a gefen allo sai aji ya yi tsit. Irin wannan yarinya tana buƙatar karatun, tana kuma buƙatar wani babba ya gaya mata cewa abin da hannunta ke yi yana da daraja.

Abubuwa uku suka haɗu wa Ladi Kwali: gwaggon da ta koya mata aiki sosai, sarkin da ya ɗauki aikin ya ajiye inda baƙi za su gani, da hatimin da ya manna sunanta a jikin kayan. Babu ɗaya cikin ukun da ya fi ƙarfinmu. 'Yan'uwana malamai, in ƙarshen zangon karatu ya zo, mu ware aji ɗaya mu share shi. Mu ce yara su kawo abin da suka yi da hannunsu, ko wanda uwa ko kawu ya yi, hula ce, faifai ne, zanen gado ne. Mu jera kowanne shi kaɗai da fili a gefensa, mu rubuta sunan mai aikin da shekarar da aka yi a 'yar takarda, mu gayyaci iyaye. Masu shaguna kuma su fara ɗinka 'yar alamar sunansu a cikin rigar da suka yi, ko da haruffa biyu ne, da boko ko da ajami. Ranar da wani zai zo daga gidan tarihi na ƙasa, wanda ke nan cikin garinmu a tsohuwar fadar shugaban ƙasa, yana neman aikin Hausawan Yawunde, ya tarar da kayan suna da sunan masu su.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa wa sana'o'inmu albarka.