Hallie Flanagan: Matar da ta buɗe wa talakan Amurka ƙofar gidan wasa

A shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, har ta kai mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan ƙasar ya rasa abin yi. A wannan hali ne gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta yi abin da ba a taɓa gani ba a can: ta ɗauki dubban 'yan wasan kwaikwayo aiki, tana biyan su albashi daga baitulmali. Wadda aka damƙa wa ragamar aikin wata malamar kwaleji ce mai suna Hallie Flanagan, wadda ba ta taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba.

An haife ta a garin Redfield na jihar Dakota ta Kudu, ta tashi a Grinnell ta jihar Iowa, kuma a kwalejin garin ta kammala karatu a 1911. Ta yi aure da Murray Flanagan, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Ba a daɗe ba tarin fuka ya yi ajalin mijin, sannan a 1922 sanƙarau ya ɗauke babban ɗanta. Koyarwa ce ta riƙe ta. Ta je ta ƙaro ilimin rubuta wasa a wajen Farfesa George Pierce Baker na Jami'ar Harvard, daga nan Kwalejin Vassar ta ɗauke ta aiki a 1925. Shekara guda bayan haka gidauniyar Guggenheim ta ɗauki nauyinta ta zagaya gidajen wasan Turai, har da na Rasha. Wannan ziyara ta Rasha ita ce daga baya aka ɗaura mata a wuya. A Vassar ta shirya wasa a 1931 kan manoman Arkansas da fari ya jefa cikin yunwa, wasan da ya sa aka san ta a wajen harabar makaranta.

A 1935 Harry Hopkins, wanda suka yi kwaleji ɗaya a Grinnell, shi ne shugaban WPA, hukumar da aka kafa don samar wa marasa aiki abin yi. Ra'ayinsa shi ne mai kiɗa da ɗan wasa su ma yunwa suke ji kamar birkila, kuma babu hikima a miƙa wa mai goge shebur. Sana'ar wasa kuwa ta riga ta shiga uku tun kafin karayar arziki, domin fim mai magana ya kori makaɗan silima, ya kuma rufe gidajen wasa masu yawa. Hopkins ya kira Flanagan, a watan Agustan 1935 ta zama shugabar Shirin Wasan Kwaikwayo na Tarayya.

Ƙa'idar shirin mai tsauri ce: kashi 90 cikin ɗari na kuɗin dole ya tafi ga albashi, kuma mafi yawan ma'aikata sai daga cikin masu karɓar tallafin gwamnati za a ɗauko su. Da abin da ya rage ake sayen katako da fenti da tufafin wasa. Wani shugaban da sai ya ɗauki abin a matsayin rabon sadaka kawai, a biya mutane su yi duk abin da ya sawwaƙa. Flanagan ta dubi wajen ta wata fuska. Tunda kuɗin jama'a ne, a ganinta jama'ar ce ya kamata ta zauna a kujerun kallo, musamman waɗanda kuɗin tikiti ko launin fata ko nisan gari ya hana su shiga gidan wasa tsawon rayuwarsu. Saboda haka aka kai wasanni makarantu da asibitoci da gidajen yari da filayen shaƙatawa da sansanonin matasa masu aikin daji. An yi wasa da harshen Yiddish na Yahudawa, da Sifaniyanci, da Jamusanci, da Italiyanci. Lokacin da shirin ya fi bunƙasa, ma'aikatansa sun haura dubu goma sha biyu. A shekara huɗu kimanin mutum miliyan 30 suka kalli wasanninsa, kusan kashi biyu cikin uku kyauta, da yawansu kuwa wannan ne karon farko da suka ga ɗan wasa a kan dandamali ido da ido.

Inda aikinta ya fi barin alama shi ne wajen baƙaƙen fata. A Amurkar wancan zamani baƙin ɗan wasa ba ya samun komai sai matsayin bara ko na wawa, ƙungiyoyin ma'aikatan bayan dandali kuma ba sa karɓar sa. Flanagan, bisa shawarar fitacciyar 'yar wasa Rose McClendon, ta kafa rassa na baƙaƙen fata a birane fiye da goma, inda aka horar da masu haɗa wuta da masu ɗinki da masu tsara dandali, sana'o'in da a da aka rufe musu ƙofarsu. Reshen unguwar Harlem ta birnin Niyok ne ya fi suna. A ranar 14 ga Afrilun 1936 ya buɗe wasan Macbeth na Shakespeare a gidan wasan Lafayette, dukkan 'yan wasan baƙaƙe, an kuma ɗauke labarin daga Sikotland an kai shi wani tsibiri mai kama da Haiti. Mai ba da umarni Orson Welles ne, yana ɗan shekara 20, makaɗan kuma Asadata Dafora ɗan ƙasar Saliyo ne ya jagorance su. Cunkoson jama'a ya tsayar da motoci a titi a daren, daga baya aka zagaya da wasan wasu jihohi. Gaskiya ne rassan daban aka ware su, kuma da farko Turawa ne ke shugabantar mafi yawansu. Shirin bai rushe wariya ba, ya dai tsaga ta.

Wani salon da ta ɗaukaka shi ne wanda aka kira Jarida Mai Rai, inda 'yan jaridar da suka rasa aiki ke tattaro bayanai kan wata matsala, kamar farashin amfanin gona ko kuɗin lantarki ko ruɓaɓɓun gidajen haya, a mayar da su wasa. Nan rigima ta fara. Wasan farko an shirya shi ne kan mamayar da Italiya ta yi wa Habasha, za a nuna Mussolini da Sarki Haile Selassie. Gwamnati ta hana a kwaikwayi shugabannin ƙasashen waje, wasan ya mutu tun kafin a buɗe shi a Janairun 1936, shugaban reshen Niyok, Elmer Rice, ya ajiye aiki cikin fushi. Flanagan ta zauna, da sanin cewa mai biyan albashi zai ci gaba da sa baki. Wasan da aka yi kan gidajen talakawa a 1938 ya karanto kalaman wasu sanatoci daga kundin majalisa kamar yadda suka faɗe su, su kuwa ba su yafe ba.

A wannan shekarar kwamitin Majalisar Wakilai mai binciken ayyukan da ake ganin sun saɓa wa aƙidar Amurka, ƙarƙashin Martin Dies na Texas, ya sa shirin a gaba. Zargin shi ne matattarar 'yan gurguzu ne. Akwai 'yan gurguzu a cikin ma'aikatan Niyok, kuma doka ta hana a tambayi mai neman tallafi jam'iyyarsa. Sai dai shaidun da aka saurara sun nuna wani abin da ya fi ci wa wasu rai: baƙi da fari suna aiki tare, suna zama tare. Wata 'yar wasa Baturiya ma ƙorafinta shi ne wani baƙin abokin aiki ya nemi su fita tare. Bayan watanni tana neman a saurare ta, Flanagan ta bayyana gaban kwamitin a ranar 6 ga Disamban 1938. Da aka zo kan wani rubutunta da ya ambaci Christopher Marlowe, ɗan majalisa Joe Starnes ya tambaye ta ko shi ma ɗan gurguzu ne. Marlowe marubucin Ingila ne da ya mutu tun 1593. An yi dariya a zauren, amma dariyar ba ta ceci kowa ba.

Majalisa ta yanke kuɗin shirin daga 30 ga Yunin 1939. Roosevelt ya sa hannu ba da son ransa ba, domin ƙin yin hakan zai tsayar da dukkan kasafin tallafi na miliyoyin mutane. Abin da aka kashe a shekara huɗu kimanin dala miliyan 46 ne, daidai da kuɗin jirgin yaƙin ruwa guda ɗaya na lokacin. Kimanin mutum dubu takwas suka koma zaman banza.

Flanagan ta koma Vassar, ta rubuta tarihin shirin a littafinta Arena wanda ya fito a 1940, shekarar da mijinta na biyu, Philip Davis, ya rasu. A 1942 ta koma Kwalejin Smith a matsayin shugabar sashen karatu, ta ci gaba da koyar da wasa har cutar karkarwa ta Parkinson ta tilasta mata ritaya. Tana raye a 1965 lokacin da Amurka ta kafa asusun tarayya na tallafa wa fasaha, wanda ke ba da gudummawa ga ƙungiyoyi amma ba ya ɗaukar ɗan wasa aiki. Ta rasu ranar 23 ga Yulin 1969 a jihar New Jersey, tana dab da shekara tamanin. Shekara biyar bayan rasuwarta wasu malaman Jami'ar George Mason suka gano akwatunan rubutattun wasanni da hotuna da zane-zanen shirin jibge a wani tsohon rumbun ajiye jiragen sama a Baltimore. A yau suna Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washinton.