Harvey Firestone: Attajirin da ya rubuta sunansa a jikin taya

An haifi Harvey Samuel Firestone ne ranar 20 ga watan Disamba na shekarar 1868, a garin Columbiana da ke jihar Ohio ta Amurka, kuma iyayensa manoma ne.

Ya fara neman na kansa ne da aiki a wani kamfanin ƙera keken doki, inda ya lura cewa ƙafar keken da aka naɗe da roba ta fi ta ƙarfe daɗin tafiya. A shekarar 1900 ya kafa kamfanin tayoyi na Firestone a birnin Akron.

Kasuwa ta buɗe masa a 1906, lokacin da Henry Ford, mai kamfanin motoci na Ford, ya ba shi kwangilar dubban tayoyi. Daga nan ne kuma abota ta ƙullu tsakaninsu.

Zane mai amfani biyu

A farkon zamanin mota, akasarin tayoyi sumul suke, babu zanen nan da direbobi ke kira ƙaya. Hanyoyi kuwa yawancinsu na ƙasa ne, da zarar an yi ruwa sai su zama taɓo. Saboda haka motoci kan zame, wasu direbobin ma sai sun ɗaura wa tayoyinsu sarƙa.

A 1908 kamfanin Firestone ya fito da wata taya wadda ƙayarta haruffa ne da suka taso a jikin robar, an jera su a karkace suna maimaita kalmar Non-Skid, wato marar zamewa.

Gefunan haruffan ne ke kama ƙasa, ramukan da ke tsakaninsu kuma su ba ruwa da laka hanyar fita. Ban da haka, duk inda motar ta taka ƙasa mai laushi sai ta bar rubutun, wanda ya zama talla ba tare da an biya ko sisi ba.

Ba Firestone ne ya fara yi wa taya zane ba, domin kamfanin Continental na Jamus ya riga shi tun 1904. Sai dai ya nuna cewa zanen na iya zama kariya ga matafiya, ya kuma zama tambarin da mai saye zai gane kaya da shi. Har yanzu kamfanonin taya kan yi rajistar zanensu don hana a kwaikwaya.

Gonar roba a Laberiya

A 1922 Birtaniya ta taƙaita fitar da ɗanyar roba daga Malaya da Silon, waɗanda ke ƙarƙashin mulkinta, kuma daga baya farashi ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ya sa Firestone neman inda zai noma tasa robar.

A 1926 ya cimma yarjejeniya da gwamnatin Laberiya, wadda ta ba shi damar hayar fili har eka miliyan 1 na tsawon shekara 99, a kan senti 6 kowace eka a shekara. An kuma haɗa da bashin dala miliyan 5, wanda ya sanya kuɗaɗen shigar ƙasar ƙarƙashin sa idon jami'an Amurka.

Garin Harbel, inda gonar take, ya samo sunansa ne daga sunan Harvey da na matarsa Idabelle.

Masu yabonsa na cewa ya samar wa dubban mutane aikin yi, ya gina asibiti da makarantu. Masu suka kuwa na cewa ya sami ƙasar a arha ƙwarai, kuma ta hannun sarakunan gargajiya aka riƙa tattaro leburori ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba.

Harvey Firestone ya rasu ranar 7 ga watan Fabrairu na 1938 a Miami Beach ta jihar Florida, yana da shekara 69. A 1988 kamfanin Bridgestone na Japan ya sayi kamfanin nasa, har da gonar ta Harbel.