Ladi Kwali: Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Kafin ku karanta wannan, duk mai naira ashirin a cikin kuɗin tararsa ya ciro ta ya duba. A gaba akwai hoton Janar Murtala Muhammad, wannan kowa ya san shi. To, a juya bayanta. Za ku ga wata mata tana aikin tukunya. Na tambayi mutum bakwai a ajinmu ko wace ce, babu wanda ya sani. Wani ma cewa ya yi ai zane ne kawai aka yi don ado. Ba zane ba ne kawai. Mutum ce da ta rayu, sunanta Ladi Kwali, kuma tarihinta na kawo muku a wannan makon.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa. Yanzu Kwali tana cikin yankin babban birnin tarayya Abuja, amma a lokacin ƙauye ce. Sunanta ma ba baƙo ba ne a kunnenmu, don Ladi suna ne na macen da aka haifa ranar Lahadi, Kwali kuwa sunan garinsu ne. Ba ta yi makarantar boko ba. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, yarinya takan tashi ta ga manya suna yi ita ma ta sa hannu. Ladi ta koya tun tana ƙarama a hannun wata daga cikin iyayenta mata na dangi.

Yadda suke ginin shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Babu inji ko kaɗan. Maginiya za ta kwaɓa yumɓu, ta aza curinsa a wuri guda, ta huda tsakiya da hannu tana jawo gefen sama. Sai ta riƙa murza wani yumɓun kamar igiya tana ɗorawa a kai, tana shafewa har ya haɗe. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce take zagaya ta. Da ido da hannu kawai ake auna komai, amma in an gama sai ka ga randa ta fito daidai ta kowane gefe. Ni da kamfas ɗin lissafi ma sai in yi da'ira ta karkace.

Kafin yumɓun ya bushe sai a yi ado. Nan ne Ladi ta yi wa sauran zarra. Takan tsaga layuka a jikin tulu ta raba shi gida-gida, a kowane gida ta zana wata halitta: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu. Akwai kuma 'yar igiya ko ɗan icen da aka sassaƙa, wanda ake mirginawa a jikin yumɓu ya bar sawu mai kyau. In tukwanen sun bushe sai a tara su a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta.

Tun tana wannan aiki a gida sunanta ya fita, har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara wasu tukwanenta a fadarsa. A nan sai a lura, Abujar da ake nufi ita ce garin da yanzu ake kira Suleja a jihar Neja. Daga baya ne aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birni. A shekarar 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, wanda shi ma magini ne, yana zagayen ƙasar nan don duba sana'ar tukwane, ya ga waɗannan tukwane a gidan sarki suka burge shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi aiki, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a 1952. Maza ne kawai a wurin sai a 1954 da Ladi Kwali ta shiga. Ita ce mace ta farko.

Ku yi tunanin wannan. Mace mai shekara kusan talatin, wadda ta riga ta ƙware a sana'arta, ta zo ta zauna cikin maza ta fara koyon wata hanya daga farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda tukunya ce ke zagayawa mutum yana wuri guda. Ta koyi shafa wa kwano wani ruwa da ke sa shi ƙyalli kamar tangaran bayan an gasa. Ta koyi gashi a rufaffen murhu mai zafin da ya fi na wutar ciyawa nesa ba kusa ba. Ta yi kwanuka da farantai da kofuna da butoci. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga Kwali ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zagaya su kamar da, tana zana kunamunta da hawainiyarta, sai dai yanzu a shafe su a gasa a murhun zamani. Waɗannan tuluna su ne suka kai sunanta duniya.

Akwai wani abu a nan da na daɗe ina juyawa a raina. A gidanmu nan Ƙofar Marke kakata tana da randa a ƙarƙashin rumfa, kuma ko a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke hana barci, ruwanta da sanyi. Malamin kimiyya ya yi mana bayani cewa jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. To, tulun da aka shafe aka gasa da wuta mai tsanani ƙofofinsa sun toshe, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga kuma nauyi, ga tsada. Ke nan tulunan da suka ja wa Ladi suna ba su yin aikin da aka san tulu da shi. Sun zama abin kallo a gidajen masu kuɗi da gidajen tarihi. Da na gaya wa kakata haka, dariya ta yi, don a wurinta tulun da ba a shan ruwansa bai cika tulu ba. Ni dai ina ganin ba a yi asara ba, tunda matan Kwali sun ci gaba da gina nasu na shan ruwa, kuma ta dalilin na Ladi ne mutanen waje suka gane cewa aikin hannun matan ƙauye fasaha ce ta gaske. Amma maganar kakata ma ban iya ture ta ba.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da kuma 1962. Ita da kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gina tulu a gaban jama'a, ɗalibai da malamansu suna kallo. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana yin haka. Bayan ta buɗe hanya wasu mata sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu da Lami Toto da Kande Ushafa da Asibi Ido.

Lambobin yabo kuwa ta samu da yawa. A farkon shekarun 1960 ta samu lambar MBE ta Ingila. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata da OON. An sa wa cibiyar tukwanen ta Suleja sunanta, haka ma wani titi a Abuja. Har yau akwai tukwanenta a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Ladi Kwali ta rasu a garin Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Takardar naira ashirin mai hotonta a 2007 aka fitar da ita, shekara ashirin da uku bayan rasuwarta, don haka ita ba ta gan ta ba. A bayan naira goma ma akwai mata, Fulani masu tallar nono ɗauke da ƙwarya, amma ba a faɗi ko su wane ne ba. A duk takardun kuɗin da muke kashewa yanzu, Ladi ce kaɗai macen da aka san sunanta.