Shehu Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Hisabi

Ku sani, ya 'yan'uwa malamai da fatake, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi a ƙasashen nan namu ya yi karatu, cikin malamansa har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Bayan ya sauke faralin Hajji sai ya zauna Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin Masar. Nan Allah ya karɓi ransa cikin 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Allah ya jiƙansa.

Littafinsa Bahjatul Afaƙi, na wajen 1732, a kan wafaƙi yake, wato hatimi. Da yawanmu kan zana shi a allo ba mu san lissafinsa ba, wannan kuwa kasawa ce. Duba mai gida 9: sama 4, 9, 2, tsakiya 3, 5, 7, ƙasa 8, 1, 6. Tsaye, kwance, ko kusurwa zuwa kusurwa, jimla 15 ce, wato 5 sau 3. Mai gida 25 kuwa, rabin tsakanin 1 da 25 shi ne 13, sau 5, kowane layi 65. Hanyoyin gina irin waɗannan masu mara Shehu ya bayyana wa almajirai.