Tarihin Solomon Linda, Mai Waƙar Zaki

Yau za mu ba masu karatu labarin wani mawaƙi na Afirka ta Kudu, wanda karin waƙarsa ya zaga duniya, ana jinsa a rediyo da gidajen silima, amma shi kansa kaɗan ne suka san sunansa. Sunansa Solomon Linda, mutumin kabilar Zulu ne. An haife shi cikin shekarar 1909 a karkarar Pomeroy, cikin lardin Natal. Ya tashi da kiwon shanu kamar sauran yaran ƙauyensu. Ya ɗan taɓa makarantar mishan ta Gordon Memorial, inda ya saba da waƙoƙin coci, amma karatun nasa bai yi zurfi ba, kuma wannan ya cuce shi daga baya.

Cikin 1931 ya bi sawun samarin ƙasarsu zuwa Johannesburg neman kuɗi. Ya yi aiki a wani kantin kujeru da gadaje, sa'an nan ya koma otal ɗin Carlton. A zamanin nan leburori baƙaƙe suna zaune ne a barikoki, nesa da matansu da 'ya'yansu, ba su da wani abin ɗebe kewa sai gasar waƙa ta daren Asabar, wadda a kan ci akuya ko bargo a cikinta. Linda ya tara waɗansu 'yan garinsu suka kafa ƙungiya mai suna Evening Birds, watau Tsuntsayen Maraice. Su kan fito da kwat da malafa da takalma masu launi biyu, tsaf kamar manyan akawuna. Shi dogo ne ƙwarai, amma muryarsa siririya ce kamar ta mace. Yana bayarwa can sama, 'yan amshi suna karɓa da kakkauran muryoyi daga ƙasa, kai ka ce taushi a ke bugawa.

Cikin 1939 wani ma'aikacin kamfanin Gallo, mai suna Griffiths Motsieloa, wanda aikinsa shi ne nemo mawaƙa, ya kai su ɗakin ɗaukar murya. Nan suka rera wata waƙa mai suna Mbube, watau zaki da harshen Zulu. Kalmominta ba su da yawa, kusan amshi ne a ke ta maimaitawa. Sau biyu ana ɗauka ba ta yi daidai ba. A karo na uku, waƙa ta kusa ƙarewa, sai Linda ya ɗaga murya ya zubo wani ɗan kari wanda bai shirya shi ba, wanda tsawonsa bai wuce a ja numfashi biyu ba. To, wannan ɗan karin shi ne abin da daga baya ya zama dukiya mai yawa a hannun waɗansu mutane.

Faifan ya karɓu ƙwarai. Kafin 1949 an sayar da kamar dubu 100, har sunan waƙar ya zama sunan irin wannan salon gaba ɗaya, wanda ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta gada daga baya. Abin da Linda ya samu a bakin waƙarsa sule 10 ne, watau rabin fam, haƙƙinta kuwa ya koma hannun kamfani. A lokacin nan ba a yanka wa baƙin mawaƙi wani kaso daga cinikin faifai, sai dai a sallame shi sau ɗaya, shi ke nan. Kamfanin ya ba shi aiki a ma'ajiyarsa, yana jera faifai cikin akwatuna, har da nasa.

Yanzu sai mu bar Linda a bakin aikinsa, mu bi faifan zuwa Amurka. Gallo ya aika wa kamfanin Decca na New York tarin faifai ko za a sami kasuwa. Ba wanda ya kula da su sai wani masanin waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, wanda ya kai wa abokinsa Pete Seeger. Seeger ba ya jin Zulanci. Ya saurari amshin ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi, ya sa wa waƙar suna Wimoweh, kalmar da ba ta da ma'ana cikin kowane harshe. Ƙungiyarsa, The Weavers, ta ɗauke ta, ta yi farin jini cikin 1952. A jikin faifan kuwa aka rubuta cewa wani Paul Campbell ne ya tsara ta. Ba a taɓa haihuwar wannan Paul Campbell ba, sunan aro ne da a ke sawa a kan waƙar da aka ɗauka ba ta da mai ita, don kuɗinta su shigo hannu. Mu dai muna ganin Seeger ya fi sauran kunya, domin da ya ji mai waƙar yana da rai, ya aika masa da dala 1,000, kuma har tsufansa yana faɗin sunan Linda a bainar jama'a. Amma kyauta daban, haƙƙi daban.

Cikin 1961 aka sāke wa waƙar riga. George David Weiss, tare da Hugo Peretti da Luigi Creatore, suka ɗauki ɗan karin nan na ƙarshen faifan Linda suka mai da shi uwar waƙa, suka ɗora masa kalmomin Ingilishi, suka kira ta The Lion Sleeps Tonight. Cikin kalmomin nasu sun kwantar da zakin a kurmi, ko da ya ke kowane maharbi ya san zaki ba dabbar kurmi ba ne. Waɗansu samari na Brooklyn, The Tokens, suka rera ta, cikin Disamba na shekarar ta zama ta ɗaya a Amurka. Sunayen mutum uku ɗin nan ne a jikinta, ba na Linda.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Miriam Makeba, 'yar ƙasarsu, ta riga ta rera ta da sunanta na asali cikin 1960. Henri Salvador ya juya ta da Faransanci cikin 1962. Robert John ya kai ta ta uku a Amurka cikin 1972, ƙungiyar Tight Fit kuma ta kai ta ta ɗaya a Ingila cikin 1982. Cikin 1994 kamfanin Disney ya sa ta cikin fim ɗinsa The Lion King, yara a ko'ina suka haddace.

Mai waƙar bai ga yawancin wannan ba. Cikin 1959 ya yanke jiki ya faɗi yana cikin waƙa, likita ya ce ciwon ƙoda ne. Ya yi jinya a gidansa na Soweto, ya rasu cikin 1962, watanni kaɗan bayan waƙarsa ta zama ta ɗaya a Amurka. Abin da aka tarar a ajiyarsa ta banki bai wuce dala 25 ba. Iyalinsa sun yi shekara 18 kafin su iya kafa dutse a kan kabarinsa.

Magana ta kwanta har shekarar 2000, sa'ad da wani ɗan jarida na Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin, ya buga labarin a mujallar Rolling Stone. Ya ƙiyasta cewa waƙar ta kawo wa masu riƙe da ita kamar dala miliyan 15. Wani lauya masanin haƙƙin mawallafa, Owen Dean, ya karɓi maganar, kuma yadda ya ɓullo mata abin lura ne ga duk wanda aikinsa ya shafi takardu da rajista.

Wuyar ita ce, bayan mutuwar Linda an sa matarsa, daga baya kuma 'ya'yansa mata, sun sa hannu a takardun sallamawa a kan dala guda guda. Ga alama ba sauran ƙara. Sai lauyan ya tono tsohuwar dokar haƙƙin mawallafa ta Ingila ta 1911, wadda ta hau kan ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ita ce ma ta yi aiki a nan Nijeriya daga 1912 har 1970. A cikinta akwai wani sashi da a ke kira da sunan marubucin nan Charles Dickens, wanda ya ce ko mawallafi ya sayar da haƙƙinsa, cinikin ya ƙare shekara 25 bayan mutuwarsa, haƙƙin ya koma cikin dukiyar gado. Bisa wannan lissafi, Mbube ta komo gida tun 1987. Har wa yau, dokar ta ce hannun wakilin da aka naɗa kan gadon za ta koma, ba hannun magada kai tsaye ba. Tun da ya ke ba a taɓa naɗa wakili a kan wannan haƙƙi ba, lauyan ya kafa hujja cewa matar da 'ya'yan sun sayar da abin da bai shigo hannunsu ba tukuna.

Aka sāke buɗe gadon, aka naɗa wakili, cikin 2004 aka kai ƙarar Disney. Da ya ke kamfanin yana Amurka, sai kotu ta riƙe alamun cinikinsa da ke rajista a Afirka ta Kudu kamar jingina, har da ɓeran nan Mickey Mouse. Ba a kai ga hukunci ba. Cikin Fabrairu 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin waƙar, ya nemi sulhu. Aka yarda za a biya magada na baya, a riƙa ba su kaso nan gaba, a kuma rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara The Lion Sleeps Tonight, shekara 44 bayan rasuwarsa. Yawan kuɗin an bar shi asiri tsakaninsu. Wa'adin biyan kason ya cika a ƙarshen 2017, cikin 2019 kuma Disney ya fito da sabon The Lion King, da waƙar a ciki.