Tarihin Grace Hopper, Matar da Ta Samar wa Kwamfuta Tafinta

An haifi Grace Hopper a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Tun tana ƙarama take da son sanin yadda abubuwa ke aiki. Tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogo har guda bakwai a gidansu don ta ga abin da ke ciki. Ta karanci lissafi a Kwalejin Vassar, sannan ta sami digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1934.

A 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga aikin sojan ruwa. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard ta yi aiki da wata kwamfuta mai suna Mark I. Tsawon wannan kwamfuta ƙafa 51 ne, ta fi ajinmu tsawo. A zamanin, da lambobi zalla ake ba kwamfuta umarni, don haka sai ƙwararru ƙalilan ke iya sarrafa ta.

Grace ta ga wahalar ta yi yawa. A 1952 ta haɗa wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ke juya umarnin mutum zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Da farko mutane ba su yarda zai yiwu ba. Ba ta karaya ba, ita da abokan aikinta suka ƙirƙiro harshen FLOW-MATIC mai amfani da kalmomin Turanci. Daga shi aka ɗauki abubuwa da yawa aka gina harshen COBOL a 1959. Bankuna da gwamnatoci suka rungume shi wajen ajiye bayanan kuɗi da albashi.

Yau COBOL ya tsufa, waɗanda suka iya shi ma sun tsufa, amma barinsa ya yi wuya. Abin kamar kwashe gero ne daga tsohon rumbu zuwa sabo. Dole a yi a hankali kada ko dami ɗaya ya ɓace, kuma ba a daina tuwo a gidan don ana kwasa. Kuskure ɗaya kan iya ɓatar da ajiyar wani. Kafin shekarar 2000 an sha wahalar gyara tsofaffin manhajoji, domin suna rubuta 1999 a matsayin 99, aka ji tsoron su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Ko a 2020 sai da jihar New Jersey ta yi cigiyar masu iya COBOL.

Ita kanta Grace ba ta son a maƙale wa abu don kawai an saba da shi. Har agogon bango gare ta a ofis mai juyawa ta baya, don ta nuna ana iya yin abu ta wata hanya.

Ta yi ritaya a 1986 tana da shekara 79, da babban muƙami a sojan ruwa. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992.

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu mata, kada mu gudu daga darasin lissafi da na kwamfuta. Tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB, kuma tana nan tana jiran mu.